Wa ya fi biyayya, wa ya fi gardama? Waiwaye kan jam'iyyunmu tun daga 1946



Akwai wata magana da ake yawan maimaitawa a fada in an taɓo siyasa. Wai masu ra'ayin riƙau, wato ɓangaren sarakuna da manyan ƴan kasuwa da tsofaffin ma'aikatan gwamnati, mutane ne masu biyayya, in babba ya ce a yi gabas ba mai duban yamma. Su kuma masu ra'ayin sauyi, malaman lakwal da ƴan sandika da ɗalibai, kowa da kansa, kowa da bakinsa, ba a iya ɗaure su da igiya guda. Maganar tana da daɗin ji, amma in ka jera ta da tarihin jam'iyyun ƙasar nan ba ta tsayawa da ƙafafunta. Tun ranar 26 ga Maris 2025 da anka rushe jam'iyyu gaba ɗaya, ba mai tuta ba mai hula, don haka yanzu ne mutum zai iya buɗe wannan babi ba tare da an ce kamfe yake yi ma wani ba.

Mu faro daga tushe. Jam'iyyar farko a Nijar ita ce PPN, an kafa ta a watan Mayu 1946, ta kuma zama reshen RDA ta su Houphouët-Boigny. Ƴan boko ne sunka kafa ta, malaman lakwal da akawuna da tafintoci, kuma a wancan lokaci ita ce ɓangaren sauyi, ita ce mai tada ma Nasara hankali. Gwamna Jean Toby bai zauna yana kallo ba. A 1948 anka kafa wata jam'iyya da goyon bayan hukumar mulkin mallaka da sarakunan kanto, sunanta UNIS. Ku dubi abin dariya a cikin sunan: harafin I ɗin nan yana nufin masu zaman kansu, waɗanda ba su bin kowa. Jam'iyyar da ta fi kowace bin umarnin gwamna ita ce ta sa ma kanta sunan ƴancin ra'ayi. Ta lashe kujeru biyu na Nijar a majalisar Faransa a 1951, ta kwashe kusan dukkan kujerun ƴan ƙasa a majalisar yanki a 1952. Kuma ba a yi shekara uku ba ta fara tsagewa, kowane babba ya ja nasa. Ga jam'iyyar sarakuna, wadda ake cewa biyayya gadonta ce, ta watse tun kafin ta tsufa.

A ɗaya gefen kuma, a 1950 Houphouët ya yanke shawarar raba RDA da jam'iyyar kwaminis ta Faransa, ya sassauta da hukuma. Diori Hamani da Boubou Hama sunka bi layi. Sakataren jam'iyyar, Djibo Bakary, ya ce shi bai yarda ba. Djibo da Diori ƴan uwa ne na jini, duka ƴan Sudure kusa da Yamai, amma zumunci bai hana komi ba, PPN ba ta da wurin aje mutumin da ya ce a'a. Djibo ya fita, ya koma aikin sandika cikin lebura da direbobi da ƴan dako, a 1954 ya kafa UDN. Wannan ita ce tsagewar farko a ɓangaren sauyi, kuma dalilinta bai wuce wannan ba: babban biro ya ce ga hanya, ɗaya ya ce ba ita ba ce, sai anka nuna mashi ƙofa.

Inda labarin ya iso gidanmu shi ne 1956. A shekarar ne UDN ta Djibo ta haɗe da BNA, wadda ɓaraguzan UNIS ne sunka kafa ta, cike da ƴaƴan sarauta. Jam'iyyar da anka haifa ita ce MSA, wadda kowa ya sani da Sawaba. Ku yi tunanin wannan aure: ɗan sandika mai kiran talakawa su miƙe, ga shi kan tabarma guda da Issoufou Saïdou Djermakoye na gidan sarautar Doso, da Georges Condat, da Adamou Mayaki, ɗan Filinge, jinin gidan Mayaƙi na Kurfai, wanda ya yi karatun aikin gona. Auren ya yi riba nan take. Djibo ya zama magajin garin Yamai a ƙarshen 1956, kuma a zaɓen Maris 1957 Sawaba ta samu kujeru 41 cikin 60, PPN ta tashi da 19. Djibo ya kafa gwamnatin farko ta ƴan ƙasa, Adamou Mayaki yana cikin ministocinta.

To amma akwai tambayoyi biyu da ango da amarya ba su taɓa zama sun warware ba. Mene ne matsayin sarakuna a sabuwar Nijar? Kuma ina za a tsaya da Faransa? Gwamnatin Djibo ta tuɓe wasu sarakunan kanto, saura sunka fara shafa gemunsu da ruwa. Ana cikin haka De Gaulle ya kawo zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958, tambaya mai amsa biyu kacal: I, a zauna cikin tarayya da Faransa, ko A'a, a ɗauki ƴanci yanzu. Tambaya irin wannan ba ta barin wurin laɓewa.

A nan ne nake son ku lura da wani abu da ba a cika faɗi ba. Mun saba ɗaukar Djibo a matsayin ɗan tawaye, wanda ya yi gaban kansa. Alhali kuwa a 1958 shi ne mai bin layin jam'iyya. Sawaba tana cikin wata babbar ƙungiya ta Afirka mai suna PRA, wadda ta yi babban taronta a Kwatano a watan Yuli 1958 ta nemi ƴanci nan take, kuma Djibo ne sakatarenta. Da ya ce A'a, shawarar Kwatano ya riƙe. Senghor na Sanagal, wanda shi ma jigo ne a PRA, shi ne ya sauka daga layi ya ce I. A can Gine kuma, Sékou Touré ɗan RDA ne, layin RDA kuwa I ne, ya karya shi ya ce A'a. Mutum uku, ɗaya ya bi jam'iyyarsa ya rasa mulki, biyu sunka saɓa ma tasu sunka zauna kan kujera shekara ashirin da wani abu. Wanda ke son ya ce biyayya ce hanyar tsira, ko gardama ce, sai ya fara warware mana wannan.

A cikin gida, ɓangaren BNA ya janye jiki. Issoufou Saïdou Djermakoye da Adamou Mayaki da mafi yawan sarakuna sunka koma wajen I. Sabon gwamna, Don Jean Colombani, wanda anka turo ƴan makonni kafin zaɓen, ya sa dukkan ƙarfin hukuma a kan sikeli, da kumandan-kumandan da sarakuna da motoci da barazana. I ta samu kusan kashi 78 cikin ɗari, amma waɗanda sunka fito jefa ƙuri'a ba su kai kashi 40 na masu rajista ba. Djibo ya sauka a watan Oktoba.

Yaya za mu kira abin da ɗan Filinge ya yi? Ƴan Sawaba sun kira shi cin amana, kuma suna da hujja: an ci zaɓe tare, an raba muƙamai tare, ranar wuya an bar su a rana. Waɗanda sunka fita su ma suna da tasu hujja: ƙasa ce marar teku, mai ƴan boko da ba su cika hannu ba, baitulmalinta a hannun Faransa, kuma abin da anka yi ma Gine bayan ta ce A'a, yadda Nasara sunka kwashe ma'aikatansu da kuɗinsu, ya nuna tsoron ba na banza ba ne. Ni a ganina duka biyun gaskiya ne, kuma abin da ke hana mu yanke hukunci cikin sauƙi shi ne wanda ya fita ya samu lada. Adamou Mayaki ya zama ministan harkokin waje daga 1963 zuwa 1965, daga baya jakada a Amurka. In mutum ya bi ra'ayinsa ya faɗa kurkuku, ba mai shakkar ra'ayin nasa ne. In ya bi ra'ayinsa ya faɗa kan kujerar minista, har abada za a riƙa tambaya. Ba laifinsa ba ne kaɗai, haka siyasar take. Abin yabo guda dai, bai tafi da abin da ya sani kabari ba, ya bar littafi a kan jam'iyyun Nijar daga 1946 zuwa 1958. Ɗansa Ibrahim Assane Mayaki kuma ya yi faraminista daga 1997 zuwa farkon 2000.

Abin da ya biyo baya shi ne haɗin kai irin wanda ba a tambayar kowa. An haramta Sawaba a watan Oktoba 1959, Djibo ya yi gudun hijira. PPN, wadda ta fara a matsayin jam'iyyar sauyi, ta rungumi sarakuna ta zama ita ce ta riƙau, ita kaɗai a fili. Da ƴan Sawaba sunka shigo da makamai a 1964 anka murƙushe su, anka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai, anka cika gidajen kaso. A zaɓen 1965 da na 1970 Diori ba shi da abokin takara, jerin ƴan majalisa kuma guda ne. Ga wani abu da ya kamata kowane mai son jam'iyya ya riƙe: daga 1959 har faɗuwarta PPN ba ta sake yin babban taro ba. Shekara goma sha biyar, jam'iyya mai mulki ba ta tara ƴaƴanta ta ji bakinsu ba. Shawara tana hannun mutane ƙalilan, Diori da Boubou Hama da Diamballa Yansambou Maïga na ma'aikatar cikin gida. Da fari ya zo, dabbobi sunka ƙare, mutanen arewacin Filinge sunka gangara kudu neman abin kai wa baki, majalisa cike take da wakilai amma ba wanda aikinsa ne ya tashi ya ce an yi kuskure. Ɗalibai da malaman lakwal ne sunka yi ta faɗa a titi. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja sunka faɗe ta da bindiga.

Wanda ya jagorance su kuwa maƙwabcinmu ne, Seyni Kountché na Fandu a Tondikandiya, inda kabarinsa yake. Shi bai tsaya gyaran jam'iyya ba, ya share ta, ya kawo Samariya. Djibo ya dawo gida yana zaton lokacinsa ya yi, a 1975 shi ma anka tsare shi. Ba zan daɗe a nan ba, zamanin da ba jam'iyya ba shi da abin da zai gaya mana a kan zaman cikin jam'iyya.

Kafin mu shiga zamanin dimokuraɗiyya, bari mu leƙa Kano, don kada wani ya ce abin halin ƴan Nijar ne. A 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, jam'iyyar talakawa, magajiyar NEPU, ta ci jihohi biyu: Abubakar Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna. Gwamnonin biyu sunka shiga zama da takwarorinsu na wasu jam'iyyun adawa. Uwar jam'iyya ta ce su daina, sunka ƙi, a 1980 anka kore su. PRP ta rabe gida biyu, ƴan santsi na su Rimi da ƴan taɓo na Malam. Majalisar Kaduna, wadda NPN ta fi yawa a cikinta, ta tsige Balarabe a watan Yuni 1981. Ita kuwa NPN ta masu riƙau ta riƙe kanta da rabon muƙamai shiyya-shiyya har soja sunka zo a ƙarshen 1983. To ka ga a Kano masu sauyi ne sunka kori masu gardama, kuma su ne sunka tarwatse. Ku riƙe wannan, don a wajenmu abin ya juya.

Bayan kisan ɗalibai uku a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990 da taron ƙasa na 1991, MNSD-Nassara ce ta gaji gidan riƙau: tsofaffin jami'an mulkin soja, sarakuna, manyan alhazai. Tun a babban taronta na Nuwamba 1991 ta fara zubar da ƴaƴa. Tandja Mamadou ya kada Moumouni Adamou Djermakoye a shugabancin jam'iyya, Djermakoye ya fita ya kafa ANDP-Zaman Lahiya. Wannan fita ita ce ta hana MNSD mulki a 1993. Ta zo ta ɗaya da kujeru 29 cikin 83, amma CDS mai 22 da PNDS mai 13 da ANDP mai 11 da wasu ƙanana sunka haɗa ƙawancen AFC, Mahamane Ousmane ya zama shugaban ƙasa, Mahamadou Issoufou faraminista, Djermakoye shugaban majalisa. Kanal ɗan sarautar Doso a ƙawance guda da ƴan gurguzu. In kun tuna auren 1956, to ga ƙanensa, kuma shi ma bai kai shekara biyu ba. A watan Satumba 1994 Issoufou ya aje aiki bayan Nafarko ya rage mashi iko, PNDS ta tsallaka wajen MNSD ɗin da ta sha zagi jiya.

Akwai wani ɗan labari a nan da matasa da yawa ba su sani ba, kuma shi ne ya fi fito da maganarmu fili. Bayan zaɓen Janairu 1995, MNSD da PNDS da abokansu sunka samu rinjaye, kujeru 43. Sunka ce ɗan takararsu na faraminista guda ne, Hama Amadou. Ousmane ya yi dabara, ya ɗauko wani ɗan MNSD ɗin dai, Amadou Boubacar Cissé, ma'aikacin Bankin Duniya, ya naɗa shi. Cissé ya karɓa ba da yardar jam'iyyarsa ba. MNSD ta kore shi, majalisa ta kada shi da ƙuri'ar yankan ƙauna cikin mako biyu, Hama ya hau. Shin Cissé mai ƴancin tunani ne, ko kuwa sanda ce da shugaban ƙasa ya ara don ya fasa rinjayen da talakawa sunka zaɓa? A wannan karon ni ina ganin jam'iyya ce ke da gaskiya. Mutane sun jefa ƙuri'a don a ba wani ɓangare gwamnati, ba daidai ba ne mutum guda ya sayar da wannan don an kira shi fada. Ba kowace fita daga layi ce jarumta ba. Abin takaici, rinjayen da anka kare da wannan horo bai haifi komi ba sai zaman doya da manja tsakanin shugaban ƙasa da faraminista, har taron ministoci ya gagara, Baré Maïnassara ya shigo ranar 27 ga Janairu 1996.

Tsagewar MNSD ba ta tsaya nan ba. Ranar 31 ga Mayu 2007 majalisar da MNSD da ƙawayenta ke da rinjaye a cikinta ta kada gwamnatin Hama da ƙuri'a 62 cikin 113, kan batun kuɗin ma'aikatar ilimi. Ba ƴan adawa kaɗai sunka yi wannan ba, lissafi ba zai kai ba. A 2008 Hama yana Kutukale. A 2009 magoyansa sunka kafa Lumana.

Sai Tazarce. In akwai ranar da jam'iyya ke buƙatar ɗanta ya dube ta ya ce a'a, to ita ce wannan. Baba Tandja ya cika wa'adi biyu, tsarin mulki ya ce ya sauka, anka ce sai ya ƙarasa ayyuka. Waɗanda sunka ce a'a daga waje sunka faɗe ta: kotun tsarin mulki ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazèye, wadda anka rushe saboda haka, da ƙungiyoyin sandika, da CDS da ta fice daga gwamnati, da PNDS. A cikin uwar jam'iyya kuwa, masu iya gardama an riga an tura su waje, waɗanda sunka rage sai tafi. Kuma ku dubi wanda ya faɗi a fagen kare tsarin mulki: Moumouni Djermakoye, tsohon soja, ɗan sarauta, mutumin da in ana neman hoton mai ra'ayin riƙau shi za a nuna. Ranar 14 ga Yuni 2009 ya yanke jiki ya faɗi a wurin gangamin ƙin Tazarce a Yamai, bai tashi ba. Wata takwas bayan haka, 18 ga Fabrairu 2010, soja sunka ɗauke Tandja daga taron ministoci.

Yanzu mu juya ga PNDS-Tarayya, jam'iyyar malaman lakwal da tsofaffin ƴan gwagwarmayar ɗalibai, waɗanda a ka'idar fada ya kamata a ce su ne ba su jin kira. Su ne sunka fi kowa horo a tarihin ƙasar nan. Shekara ashirin suna neman mulki, Issoufou ya sha ƙasa sau huɗu, gidan bai rushe ba. Wannan abin a yaba ne, ba wasa ba ne riƙe mutane shekara da shekaru ba ka da muƙamin ba su. Amma horon yana da farashi. A 2015 anka kori Ibrahim Yacouba, ya kafa MPN-Kiishin Ƙasa, ya dawo gwamnati a matsayin ministan harkokin waje a 2016, anka sallame shi a 2018 bayan saɓani kan dokar zaɓe. A farkon 2019 anka sauke Hassoumi Massaoudou daga ma'aikatar kuɗi ba tare da an faɗi dalili ba, jaridu sunka danganta abin da maganar wanda zai gaji Zaki. Bayan wata biyu jam'iyya ta tsaida Bazoum. Massaoudou ya yi shiru, ya zauna, a 2021 ya zama ministan harkokin waje. Ɗaya ya yi magana ya fita, ɗaya ya haɗiye ya zauna. Hanya ta uku, wato mutum ya faɗi ra'ayinsa a fili, a ƙirga hannuwa, a kada shi, gobe ya dawo taro ba wanda ya harare shi, ita ce ban gani ba a kowane gida, na riƙau ko na sauyi, tun daga 1946.

Kuma jam'iyyar da ta iya riƙe ƴaƴanta ta iya fasa na wasu. A watan Agusta 2013 Issoufou ya kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa. Hama ya ce Lumana ta fita, wasu ministocinta, har da sakatarenta Omar Hamidou Tchiana, sunka ƙi tashi daga kujerunsu. MNSD ta ce ba ta shiga, sakatarenta Albadé Abouba ya shiga. Anka yi ta jan juna a kotu kan wa ke da sunan jam'iyya, daga baya kowa ya kafa tasa, AMEN-AMIN da MPR-Jamhuriya. Dukkansu sun ce kishin ƙasa ne ya sa sunka saɓa ma jam'iyya. Wataƙila. Sai dai a 2016 Seini Oumarou da kansa, wanda ya yi faɗa da Albadé kan shiga gwamnati, ya shiga, anka ba shi muƙamin babban wakilin shugaban ƙasa. Shi kuwa Hama, mu mutanen yankin nan ba sai an ba mu labari ba. A gidan kason Filinge anka aje shi a watan Nuwamba 2015, daga nan ya yi takarar shugaban ƙasa ta 2016 har ya kai zagaye na biyu bai yi mitin ko guda ba.

Masu rubuta tsarin mulkin 2010 sun san wannan ciwo na sauya sheƙa, sunka nemi magani a aya ta 87. Ayar ta ce ɗan majalisa wakilin ƙasa ne baki ɗaya, ƙuri'arsa tasa ce, ba mai tilasta mashi. A cikin ayar dai kuma anka ce in ya yi murabus daga jam'iyyarsa ya rasa kujera, mataimakinsa ya hau. In jam'iyya ce ta kore shi, ya riƙe kujerar amma ya zauna shi kaɗai, ba ya shiga wani rukuni. Hannun dama ya ba shi ƴanci, na hagu ya riƙe rigarsa. Abin da ya faru a aikace kowa ya gani: mai son tsallakawa ba ya murabus, sai ya zauna yana jefa ƙuri'a da abokan gaba yana jiran a kore shi. Dokar ta hana fita ta gaskiya, ta bar ƙofar munafunci a buɗe.

A wasu ƙasashe ba a ɓoye abin. A Ingila da Najeriya kowace jam'iyya tana da jami'in da ake kira bulaliyar majalisa, aikinsa ya tabbatar kowa ya jefa ƙuri'a yadda anka ce. Amma a can ɗan majalisa yana da mazaɓarsa, da sunansa anka zaɓe shi, in ya saɓa ma bulala yana da wurin komawa. Mu kuwa, a zamanin da ake zaɓe, jeri muke zaɓe. Kai ɗan Abala ka dangwala ma alamar jam'iyya, ƙuri'arka ta shiga kwandon jihar Tilaberi gaba ɗaya, biron jam'iyya a Yamai ne ya riga ya tsara wa ke sama wa ke ƙasa a jerin. Mutumin da ya san kujerarsa daga alƙalamin shugaban jam'iyya ta fito, wa zai fi jin tsoro, shugaban ko kai?

Wannan ba tambayar ƴan boko ba ce. A watan Maris 2017 anka sa Abala cikin dokar ta-ɓaci, tare da Banibangu da Walam da Ayoru da Bankilare. Har zuwa 2023, duk bayan wata uku akan kai ta gaban majalisa a tsawaita. A ƙarƙashinta anka hana hawan babur, anka taƙaita zirga-zirga, kasuwanni sunka yi rauni, ɗan kabu-kabu ya aje abin neman abincinsa, mai haƙuri a ƙauye ya koma jiran amalanke. Akwai hujjar tsaro mai ƙarfi a bayan dokar, duk wanda ya binne ɗan uwa a shekarun nan ya san ta. Akwai kuma kukan mutanen da ke ɗauke da nauyinta. Wakilin da ya fito daga yankin nan, in yana ɓangaren gwamnati layinsa ya ɗaga hannu, in yana adawa layinsa ya bi abin da rukuninsa ya tsaida. A ina zai tsaya ya ce na yarda da dokar amma a sassauta kaza, ko ban yarda ba ko da jam'iyyata ta yarda, ya kuma ga sunansa a jeri a zaɓe na gaba?

Jam'iyyun da anka rushe a 2025 sun haura ɗari, kuma in ka bi salsalar manyansu za ka tarar da yawa daga gardamar cikin gida anka haife su, wadda ba a samu ɗakin yin ta ba. Ita kanta Sawaba da ta dawo bayan taron ƙasa gida biyu ta dawo, Djibo ya tsaya takara a 1993 bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Majalisun gundumomi ma an rushe su tun Afrilu 2024, ba kansila ba magajin gari zaɓaɓɓe a Abala ko Sanam. Taron ƙasa na Fabrairu 2025 ya ba da shawarar a sake rubuta dokar jam'iyyu. Duk ranar da anka zauna wannan aiki, aya ta 87 da maganar jeri za su dawo kan tebur, da maganar ko doka za ta tilasta ma jam'iyya yin babban taro a kan lokaci da zaɓen ƴan takara a ƙasa, ko za a sake barin abin a hannun biro.